Babban Yatsan Hannun Hagu a Kan Tsirkiyar Bes: Dabara ce ko Ɓata Hannu?

Nasiru:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Wata takwas ke nan da na fara koyon jitar akwati mai tsirkiyar ƙarfe a nan Mabera, kuma kod ɗin F, wato ɗaya daga cikin riƙon da ake danne tsirkiyoyi da yawa a kaɗa su tare, ya zame mini ƙarfen ƙafa. Idan na gicciya manuni a kan tsirkiyoyi shida a gida na farko, wato sararin da ke kafin ƙarfe na farko a wuyan jita, sai tsirkiya ta biyu ta mutu, kuma kafin a yi minti biyu tsintsiyar hannuna ta ɗauki zafi. A makon jiya na ga bidiyon wani makaɗi yana leƙo da babban yatsansa ta saman wuyan jita, yana danne tsirkiya ta shida, mai kaurin nan, sauran yatsun kuma suna ƙasa suna aikinsu. Na gwada, kuma ko da yake amon bai fita tas ba, hannuna bai yi ciwo ba. Da na nuna wa wanda yake koya mini, sai ya ce in daina nan take, wai riƙon waɗanda ba su je makaranta ba ne, kuma zai ɓata mini hannu. To, ina so in ji daga bakin waɗanda suka riga ni: kuskure ne da gaske, ko kuwa dabara ce da aka sani?

Malam Buhari:
Wa alaikumus salam, Nasiru. Malaminka bai yi maka ƙarya ba, ko da yake da ni ne da na sassauta lafazin. A tsarin da na koya, wato na jitar kilasika mai tsirkiyar nailan, mazaunin babban yatsa shi ne bayan wuyan jita, kusan daidai da yatsan tsakiya, kuma ba ya leƙowa ko kaɗan. Dalilin ba ado ba ne. Idan babban yatsa yana baya, tafin hannu ba ya taɓa katako, yatsu huɗu suna sauka a tsaye a kan tsirkiya, kuma kowanne yana iya mallakar gida guda, daga na farko zuwa na huɗu, ba tare da an ja hannu ba. Da zarar ka rungumi wuyan ka ɗora babban yatsa a sama, sai yatsun su kwanta a karkace, tazarar da suke iya buɗewa ta ragu, ƙaramin yatsa kuma ya zama ɗan kallo. Abin da ya fi damuna a maganarka shi ne dalilin da ya kai ka ga wannan riƙo. Ba kiɗa ne ya nema ba, gudun wahalar gicciye ne. Yau ka tsere wa F, to gobe idan ka haɗu da kod ɗin Bm ko na B mai ragi (Bb), waɗanda tushensu yake a kan tsirkiya ta biyar, wane yatsa ne zai cece ka?

Baba Ummaru:
Allah shi gafarta Malam, tambayarka ta ƙarshe tana da nauyi, kuma zan dawo gare ta. Amma bari in fara da wanke wannan riƙo daga zargin jahilci, domin na fi shekara talatin ina kaɗa jita da shi, kuma hannuna lafiya lau yake. Malam yana magana ne a kan jita guda, Nasiru kuwa wata jitar yake riƙe da ita. Faɗin wuyan jitar kilasika a can sama, wurin ƙashin da tsirkiyoyi suke hawa, yakan kai milimita 52. Na jitar akwati mai tsirkiyar ƙarfe yawanci tsakanin 43 ne da 45. Wannan bambanci na milimita bakwai ko tara a ido ba komai ba ne, amma a hannu shi ne tsakanin yatsa ya kai da ya kasa. Wanda ya haramta riƙon a kan faffaɗan wuya yana da gaskiya, don ko ya halatta shi ma yawancin hannaye ba za su kai ba. Ɗaukar wannan hukunci a ɗora wa siririn wuya shi ne inda nake jayayya.

Kuma ba don gudun gicciye manyan makaɗa suka riƙe shi ba. Merle Travis, mutumin Kentucky a Amurka, wanda salon kiɗan nan na babban yatsan dama mai kai da komo tsakanin tsirkiyoyin bes, wato masu kaurin amo, yake ɗauke da sunansa, da babban yatsan hagu yake danne bes ɗinsa, don sauran yatsun su sami sukunin fitar da karin waƙa a tsirkiyoyin ƙasa. Jimi Hendrix haka yake riƙe kod ɗinsa. Richie Havens, wanda ya buɗe bikin kiɗa na Woodstock a 1969, shi ma ya wuce nan, domin yakan sauya ɗaurin tsirkiyoyinsa ne ya kwantar da babban yatsan a kan da yawa daga cikinsu a lokaci guda. Ba wanda zai ce waɗannan ragwanci ne ya kai su.

Malam Buhari:
Baba, ban musa ƙwarewar waɗanda ka ambata ba. Sai dai biyu daga cikinsu hannayensu manya ne ƙwarai, kowa ya kalli hotonsu zai gani, kuma abin da ya yi wa mai dogon yatsa daidai ba lalle ne ya yi wa kowa ba. Amma tun da ka kawo tarihi, adalci ne in faɗi abin da ke gefenka a cikin namu tarihin. Wannan gardama ta girmi kakanninmu. A farkon ƙarni na 19, Mauro Giuliani da Ferdinando Carulli, dukansu Italiyawa kuma jigogin jitar kilasika, suna amfani da babban yatsan hagu a kan tsirkiya ta shida, har akwai alamarsa a rubutattun darussansu. Fernando Sor, mutumin Barcelona, shi ne ya ƙi wannan a littafin koyarwarsa da ya fito a 1830. Jitocin wancan zamani ƙanana ne, wuyansu kuma bai kai na yanzu faɗi ba. Da jita ta girma, wuyanta ya faɗaɗa, sai ra'ayin Sor ya zama shi ne doka, kuma a kansa Segovia, shahararren makaɗin jitar kilasika na Sifaniya, da waɗanda suka biyo bayansa suka tafi. Ke nan na yarda cewa faɗin wuya yana cikin maganar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ba ɗan wata takwas wannan riƙo kafin gicciyensa ya nuna.

Malama Hadiza:
Ina gaida iyayenmu. Ni zan yi magana ne a madadin masu ƙananan hannaye, domin a kanmu ake yawan yanke hukunci ba tare da an tambaye mu ba. An sha gaya mini cewa wannan riƙo ba nawa ba ne, kuma na yarda da hakan na tsawon shekaru, har ranar da na ɗauki jitar wata ƙawata na ga yatsana ya kai ba tare da wani yunƙuri ba. Da na duba, faɗin wuyan jitarta da na tawa kusan ɗaya ne. Bambancin yana a kaurin bayan wuyan: tawa bayanta a cike yake kamar taɓarya, tata kuwa an fafe kafaɗunta, sai ta zauna cikin kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuni. Saboda haka, Nasiru, kada ka tsaya a kan awon faɗi kawai. Amma zan faɗi gaskiya, ko a siririn wuyan ma ba ko'ina nake kaiwa ba. F# a gida na biyu ina samunsa da kyau, F a gida na farko kuwa sai ranar da hannu ya so. Amfanin da na fi ci da babban yatsa ma ba dannewa ba ne, kashe amo ne. Idan ina kaɗa C ko D ko Am da ƙarfi, nakan ɗora shi a hankali a kan tsirkiya ta shida don kada E, amon wannan tsirkiyar idan tana sake, ta yi kutse cikin kod ɗin da ba a gayyace ta ba. Wannan ko Malam ina jin ba zai hana ba.

Malam Buhari:
Malama, a tsarinmu hannun dama ne yake kashe amon da ba a so, tun da da yatsu muke tsinka tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Amma ga wanda yake sharar tsirkiyoyi duka da ɗan roba, na amince wannan hanya ce mai tsabta.

Nasiru:
Na gode ƙwarai, iyayena. Baba, kun ce ba don gudun gicciye ake yin sa ba. Ina roƙon ku nuna mini wani abu guda da wannan riƙo yake bayarwa wanda gicciye ba ya bayarwa, don ni a idona duka biyun F ɗaya suke fitarwa.

Baba Ummaru:
Madalla da wannan tambaya, ɗana, ita ce cibiyar maganar. Ɗauko jitarka ka bi ni a hankali. Muna ƙirga tsirkiya daga siririya, ita ce ta farko, zuwa mai kauri, ita ce ta shida.

Ka riƙe F na gicciye yadda aka koya maka, sannan ka ɗaga yatsan tsakiya daga tsirkiya ta uku. Me ka ji? Kod ɗin ya koma Fm, don manuninka yana nan kwance a gida na farko, ya tare tsirkiyar. Yanzu ka sake riƙo: babban yatsa a tsirkiya ta shida gida na farko, yatsan zobe a ta huɗu gida na uku, na tsakiya a ta uku gida na biyu, manuni a ta biyu gida na farko. Ta biyar ka kashe ta da kan yatsan zobe. Ka ɗaga yatsan tsakiya kamar ɗazu. Wannan karon G ce za ta fito a sake, da wani amo mai faɗi, kuma kana iya buga yatsan ya koma mazauninsa ka sami wannan ɗan lanƙwasar da ke sa kiɗa ya yi kamar yana magana. Ka bar tsirkiya ta farko a sake, ka sami Fmaj7 mai bes ɗinsa a ƙasa. Ƙaramin yatsanka kuma, wanda Malam ya ce ya zama ɗan kallo, ba shi da aikin komai a wannan riƙo, don haka yana iya zuwa gida na uku a tsirkiya ta biyu ya ɗauko D, ko a ta farko ya ɗauko G, alhali bes yana nan yana ruri bai yanke ba. Gicciye yana cinye yatsu huɗu ya rufe duk tsirkiyar da ke sake. Wannan riƙo yana cin uku da babban yatsa, ya bar maka ɗaya da ƙofofi a buɗe.

Ga misali na biyu, wanda ya fi wancan sauƙi. Ka kaɗa G, sannan D, sannan Em. Bes ɗinka yana tsalle ne daga tsirkiya ta shida zuwa ta huɗu ya dawo ta shida. Yanzu idan ka zo D, ka bar yatsunka uku yadda suke, ka ɗora babban yatsa a gida na biyu na tsirkiya ta shida. Bes ya zama G, F#, E, yana gangarowa taki ɗaya bayan ɗaya kamar mai saukowa daga bene. Ana iya yin wannan ba da babban yatsa ba, a kai manuni can sama a sake jera sauran, amma sai ka rushe D ɗin da ka saba da shi, kuma sau da yawa tsirkiya ta farko takan salwanta.

Na uku shi ne wanda na fi so. Ka riƙe Am da yatsu uku, kada ka motsa su ko kaɗan. Bes na farko A ce, tsirkiya ta biyar a sake. Ƙaramin yatsa ya je gida na uku a ta shida ya ba ka G. Babban yatsa ya karɓa a gida na biyu, F#, sannan ya ja baya zuwa gida na farko, F. Amo huɗu na bes sun wuce, saman kod ɗin bai girgiza ba. Duk wanda ya ce zai yi wannan da gicciye ba tare da amon sama ya yanke ba, ina so in zo in gani da idona.

Yusha'u:
Ina neman afuwa in ɗan gyara kalma ɗaya. Tun ɗazu ana cewa hannun hagu, alhali mu bahagwai da hannun dama muke danne tsirkiya. Maganar dai a kan hannun da ke riƙe wuya take, ko wanne ne. Sannan ina da abin da zan ƙara a kan asalin wannan riƙo a wurinmu. Ni da gurmi na fara kafin jita, kuma duk wanda ya taɓa gurmi ko garaya ko molo ya san wuyansu sanda ce zagayayya, ba gidaje, kuma hannu rungumar ta yake yi. Ranar da na fara ɗaukar jita, hannuna da kansa ya rungume ta haka, ba wanda ya koya mini. Wahalar da na sha ita ce ta mayar da babban yatsa baya. Ina ganin da yawa daga cikinmu a nan haka muke, shi ya sa idan aka ce mana riƙon runguma kuskure ne sai abin ya zo mana banbaraƙwai.

Malam Buhari:
Yusha'u, gyaranka ya karɓu. Amma ka lura gurmi tsirkiya biyu gare shi, molo uku, kuma ba a neman yatsa ya tsallake tsirkiya biyar ya sauka a kan ta shida ba tare da ya taɓa na tsakani ba. Abin da hannu ya saba da shi a kan sanda ba hujja ba ne a kan allo mai faɗi. Baba kuma, misalinka na Am ya ci ni, ba ni da amsarsa, kuma na gwada shi yanzu a jitar ƙanena na ji abin da kake nufi. Sai dai har yanzu ba ka amsa mini maganar Bm ba.

Baba Ummaru:
Ban manta ba, Malam, kuma a nan kai ne da gaskiya. Babban yatsa bawan tsirkiya ta shida ne. Akwai masu kai shi har ta biyar, amma su ƙalilan ne, kuma ba zan ɗora wa yaro wannan ba. Bm a gida na biyu da B mai ragi a gida na farko gicciye suke so, haka nan duk wani wuri da ake buƙatar buɗe yatsu gida huɗu ko biyar, dole babban yatsa ya koma baya. Ni kaina a cikin waƙa guda yatsan nan yakan hau ya sauka sau goma, ba ya zama wuri ɗaya, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Saboda haka, Nasiru, ban ba ka izinin jefar da gicciye ba. Ka ci gaba da shi kullum, ko na minti biyar ne, amma ka fara shi daga gida na biyar inda tsirkiya ta fi laushi, kana gangarowa har ka iso na farko. Inda na saɓa da Malam shi ne jira. Ban ga dalilin da zai sa a hana shi ɗayan sai ya gama ɗayan ba, tun da ba tsoka ɗaya suke wahalarwa ba.

Aminu Kafinta:
Iyayena, kun yi maganar hannu, ku ba ni dama in yi maganar katako, don rabin waɗanda suke kawo mini jita suna kukan hannunsu ya kasa, jitar ce ta kasa. Nasiru ya ce tsirkiya ta biyu tana mutuwa kuma hannunsa yana zafi cikin minti biyu. Kafin a zargi yatsunsa, a auna tsayin tsirkiya daga kan ƙarfen gida. A gida na 12, tazarar tsirkiya ta shida ta kamata ta kasance wajen milimita biyu da rabi. Jitocin gwanjo da ake samu a nan sau da yawa nakan tarar da huɗu ko fiye, kuma ƙashin sama ma yana da tudu, wanda shi ne yake sa gida na farko ya yi tauri fiye da kowanne. A irin wannan jita, gicciye azaba ne, babban yatsa kuma ba zai taɓa fitar da amo mai tsabta ba, don ba shi da ƙarfin dannewa irin na sauran a wannan kusurwa. Haka kaurin tsirkiya: idan lamba 12 ce a kai, a sauka zuwa 11 ko 10 har hannu ya yi ƙwari.

Sai abu na biyu, wanda ya shafe mu mutanen Sakkwato fiye da waɗanda suke yin bidiyon da muke kallo. Katakon jita yana son danshin iska tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. A hunturu danshinmu yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katakon allon wuya yana tsukewa, ƙarafunan gidaje kuwa ba sa tsukewa, sai bakinsu ya ɗan fito ta gefe kamar haƙoran zarto. Mai ajiye babban yatsa a baya ba lalle ya lura ba, amma mai runguma daidai nan yatsansa yake bi, ga kuma fata ta riga ta bushe da kaushi. Na ga wanda ya yanke a haka yana ja daga F zuwa G. Maganinsa a manna tef a kan katako, a bi bakin ƙarafunan da ƙaramin magagari mai laushi, a hankali. Sannan a riƙa ajiye jita a jakarta, da ɗan soso mai danshi a cikin gidan sabulu mai huji, kada ruwa ya taɓa katako. Wanda zai shafa man kaɗe a hannu kuma ya shafa da dare, ba dab da kiɗa ba, don maiƙo yana kashe tsirkiya.

Malama Hadiza:
Malam Aminu ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, don bara a watan Janairu sai da na ajiye wannan riƙo gaba ɗaya saboda kaifin gefen, ban san ana gyarawa ba. Baba, akwai abin da ba a faɗa ba tukuna: da wane ɓangare na yatsan ake dannewa? Na ga masu koyo suna ƙoƙarin lanƙwaso kan yatsan ya sauka a tsaye kamar sauran, kuma nan ne ciwo yake farawa.

Baba Ummaru:
'Yata, kin yi daidai da kika tuna mini. Ba da kan yatsa ake yi ba. Da gefen gaɓar farko ake yi, wurin nan mai ɗan ƙashi a cikin lanƙwasar, kuma ba matsawa ake yi kamar mai matse lemo ba, rataya ake yi. Ka bar wuyan jita ya zauna cikin kwarin hannunka, ka sauke gwiwar hannu kusa da haƙarƙari, tsintsiyar hannu ta miƙe ba lanƙwasa, sannan gaɓar ta kama tsirkiya dab da bayan ƙarfen gida, nauyin hannu ya ja ta ƙasa. Idan ka sauka a tsakiyar gida, sai ka ninka ƙarfi kafin zizar ta ɗauke. Kada kuma a fara da F. A fara da G a gida na uku ko A a gida na biyar da irin riƙon da na bayyana, ko a ɗaura kapo, maƙalin nan da ke danne tsirkiyoyi duka, a gida na biyu, don kapo yana kawar da tudun ƙashin sama. Idan aka ji zafin fata, wannan kanta ce take zuwa, a ci gaba. Idan kuwa aka ji suka a gindin babban yatsa ko cikin tsintsiyar hannu, a ajiye jita a ranar, kuma idan ya ƙi wucewa a je asibiti, kada a yi jarumta da jijiya.

Yusha'u:
Ga wanda yatsansa ya ƙi kaiwa duk da haka, akwai wata hanya ta samun bes mai zurfi. A sassauta tsirkiya ta shida daga E zuwa D. Kod ɗin D sai ya sami bes ɗinsa a sake ba tare da an danne komai ba, E ta koma gida na biyu, F# gida na huɗu, G gida na biyar. Sai dai a sani G ɗin da aka saba ya rushe, dole a sake masa riƙo.

Nasiru:
Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto bayan kwana goma. Na auna jitata kamar yadda Malam Aminu ya ce: faɗin sama milimita 43, amma tsayin tsirkiya a gida na 12 ya kusa huɗu da rabi, kuma ashe lamba 13 mai shagon ya ɗaura mini. An rage ƙashin ƙasa, wanda tsirkiyoyi suke hawa a jikin akwatin, da na sama, an sa lamba 11. Abin mamaki, gicciyen da nake gudu shi ne ya fara gyaruwa, yanzu F yana fita sau bakwai cikin goma. D mai F# a ƙasa ya zauna, kuma gangaren G, F#, E ya hana ni barci don daɗi. Matsalar da ta rage ita ce, duk lokacin da na ɗora babban yatsa a kan D, tsirkiya ta farko sai ta toshe.

Baba Ummaru:
Gindin manuninka ne yake taɓa ta, ɗana, don ka cusa tafin hannu gaba ɗaya a ƙarƙashin wuya. Ka ɗan juya hannun ta yadda yatsun za su fuskanci cikin jita a karkace, wuyan ya taɓa hannunka a wuri biyu kawai, kwarin babban yatsa da gefen gindin manuni ta baya, ka bar ɗan sarari a ƙasa wanda fensir zai iya shiga. Ka kuma ƙara lanƙwasa yatsan tsakiya don ya sauka da kansa. Ka tsinka tsirkiyoyin ɗaya ɗaya daga ta shida zuwa ta farko kafin ka share su tare.

Malam Buhari:
Na ji daɗin labarin gicciyen fiye da komai, kuma na karɓi darasin Malam Aminu, don ni ma da hannun yaron na fara zargi. Nasiru, tun da jitar ta yi laushi, ka ɗauko mana sautin G, D mai F#, Em, sannan Bm a jere, ka turo nan ranar Juma'a. Ina so in ji ko yatsan yana komawa baya a kan lokaci idan Bm ta iso.

Nasiru:
To, Allah shi gafarta Malam. Zan turo, amma a yi mini haƙuri da Bm ɗin, har yanzu tsirkiya ta farko takan yi ziza a cikinta.